Agogon nutso a Damagaram: yadda raɓa ta shiga wani Seiko 6309 da yadda aka rabu da ita

Asalin agogon, 1980 zuwa 2022

Wani malamin firamare da ke zaune a unguwar Birni, cikin Damagaram, wato Zinder, ya gaji agogon hannu daga mahaifinsa. Mahaifin bafatake ne mai safarar fata tsakanin Zinder da Kano, kuma a Jidda ya sayo agogon bayan ya sauke farali a 1980. Ba don ruwa ya saya ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne kaurin ƙarfen, da ɗige-ɗigen fuskar masu haske cikin duhu, da kuma sunayen ranakun mako da ke fitowa da Larabci a ƴar taga kusa da ƙarfe uku. Ya ɗaura shi fiye da shekara talatin, da shi yake alwala, da shi yake tafiya. Da tsufa ya kama shi sai aka jefa agogon cikin adaka tare da tsofaffin takardu. Ya rasu a 2019, agogon kuma ya ci gaba da zama a adakar har Nuwamban 2022.

A marfin baya an rubuta 6309-7040, ga hoton igiyar ruwa a tsakiya. Lambar ƙira ta fara da 9 sannan 3. A tsarin Seiko, lamba ta farko ita ce ƙarshen shekara, ta biyu kuma wata. Da yake daga 1976 zuwa 1988 aka yi wannan samfuri, 9 ba za ta nuna wata shekara ba sai 1979. Ke nan a watan Maris na 1979 aka ƙera shi.

Abin da aka ƙera shi ya yi

Ba a fahimtar matsalar wannan agogo sai an san dalilin da ya sa aka yi masa irin wannan siffa. Mai nutso da ke goye da tukunyar iska ba ƙarfe nawa ne ya dame shi ba. Damuwarsa ita ce minti nawa ya yi a ƙasa, domin iskar tukunyar ƙarewa take, kuma daɗewa a zurfi na sa iskar naitirojin ta taru a jikinsa, ta cutar da shi idan ya taso da gaggawa. Ga kuma nauyin ruwa: duk mita 10 da aka nutsa, matsin da ke kan agogo yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. A mita 150, matsin ruwan ya kai ninki 15.

Tun 1926 kamfanin Rolex ya fito da Oyster, gidan agogo mai marfi da maɓalli da ake murɗawa su kulle. Omega ya biyo da Marine a 1932. Amma siffar da aka san agogon nutso da ita yau ta kafu ne a 1953. A lokacin sojojin ruwan Faransa sun kafa rundunar mayaƙa masu nutso, hafsoshinta biyu, Robert Maloubier da Claude Riffaud, suna neman agogo mai baƙar fuska, manyan alamu masu haske, da kewaye mai juyawa don ƙidayar mintoci. Shugaban kamfanin Blancpain na Suwizalan, Jean-Jacques Fiechter, shi ma mai nutso ne, ya karɓi aikin. Abin da ya fito shi ne Fifty Fathoms, mai jure zurfin gaba 50, kimanin mita 91. A daidai wannan lokaci Rolex ya ƙera Submariner mai jure mita 100, aka nuna shi a bajekolin Basel na 1954.

Akwai wata dabara ta Fiechter da ta shafi lamarinmu kai tsaye. Ya nace agogon ya zama mai yi wa kansa wani da motsin hannu, saboda idan kullum sai an murɗa maɓalli, robar da ke tare ruwa a wurin za ta cinye da wuri. Tun daga farko, ke nan, masu ƙirar sun san inda raunin yake.

Seiko na Japan ya shigo fagen a 1965 da samfurin da ake kira 62MAS, mai jure mita 150. Daga nan sai 6105 a 1968, sai 6309 a 1976. Gidan 6309 faffaɗa ne, kimanin milimita 45, an sauko da maɓallinsa daidai ƙarfe huɗu, ƙarfen gidan ya rungume shi don kada ya bugi dutse ko ya soki bayan hannu. Injinsa na da duwatsu 17 da ke rage gogayya, yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida kowace sakan. Ba a yi masa wani da yatsa ko kaɗan. Wani faifai mai nauyi ne ke lilo a bayansa, wata ƴar sanda mai farce biyu, wadda Seiko ya ƙirƙiro a 1959 ya sa mata suna Magic Lever, tana karɓar wannan lilo ta ɗaure babban sifirin, ko ta wane gefe faifan ya juya. Kewayensa na juyawa hagu da dama. Daga baya ne aka fi raja'a ga kewaye mai juyawa gefe ɗaya tak, domin idan ya goce bisa kuskure ya nuna wa mai nutso lokacinsa ya ƙare da wuri, kada ya ƙara masa lokacin da ba shi da shi.

Ƙofofin da ruwa zai iya bi uku ne: gefen gilashi, marfin baya, da maɓalli. Kowace an toshe ta da siririn zoben roba.

Nuwamba 2022: abin da aka fara gani

Malamin ya girgiza agogon, hannun sakan ya motsa. Ya sa masa sabon madauri ya fara ɗaurawa. Cikin mako biyu ya lura da abu biyu. Agogon na yin baya da kimanin minti 3 a yini, kuma idan ya cire shi bayan Isha'i, kafin Asuba ya tsaya. Lafiyayyen 6309 da aka wuni da shi a hannu yana kwana ya wuni a ajiye bai tsaya ba. Kewayen ma ya ƙage, ba ya juyawa sai da ƙarfi.

Janairu 2023: wanki da fetur

Ya kai shi wurin wani mai gyara da ke da tebur a bakin hanya. Mai gyaran ba shi da makullin buɗe marfi mai murɗi, sai ya ɗora tsinin ƙusa a ramin marfin ya buga har ya kwance. Ya ciro injin, ya cire fuska da hannaye, ya tsoma sauran gaba ɗaya cikin gwangwanin fetur, ya kaɗa, ya shanya. Sannan ya ɗiɗɗiga man keken ɗinki a duk inda ya ga wani abu na juyawa. Zoben robar marfin ya karye a hannunsa lokacin buɗewa, ya jefar, bai sa wani ba. Kuɗin aiki jika 2, wato sefa 2,000.

An yi wannan aiki a fili, tsakiyar hunturu, ƙura na tashi.

Mako uku na farko agogon ya yi kamar ya warke, har yakan kai safiya yana tafiya. Daga nan ya juya, ya fara yin gaba. A ƙarshen Fabrairu yana ƙara minti 6 a yini. A Afrilu ya koma tsayawa tsakar rana, a hannu.

Mayu 2023: allurar saiti da gam

Mai gyara na biyu, a wata rumfa cikin kasuwa, ya fi aikin agogon batir. Ya buɗe, ya tura ƴar allurar saiti zuwa ƙarshen gefen da ke rage gudu. Ƙarin ya sauko daga minti 6 zuwa kusan 4, allurar kuma ba ta da sauran wurin matsawa. Da ya ga babu roba a marfin sai ya shafa gam a bakin zaren ya murɗe.

Ya kuma ba da shawara: a cire tsohon injin, a sa na batir, a manne fuskar a kai, jika 5 an gama. Malamin ya ce zai yi tunani. Abin da ya tsayar da shi, in ji shi, taga ce ta ranakun Larabci, domin injin batir ɗin ba zai juya ta ba.

A wannan tsakanin wani abokin aikinsa ya ce ƙila maganaɗisu ne, tunda malamin kan kwana da agogon a kan rediyo kusa da wayar salula. Zargin na da tushe, don maganaɗisu na sa naɗin siririn sifirin da ke daidaita gudun agogo ya manne da juna, agogo ya yi gudu. Suka gwada da kamfas ɗin duba alƙibla: suka kawo agogon kusa da shi suna jujjuyawa. Allurar ta ɗan motsa kaɗan kawai, irin motsin da kowane ƙarfe ke jawowa. Aka ajiye wannan zargi.

Agusta 2023: raɓa a ƙarƙashin gilashi

Damina ta yi nisa. Wata rana bayan alwalar La'asar malamin ya ga farin hazo ya rufe gilashin daga ciki. Ya ajiye agogon a rana, hazon ya ɓace, da dare ya dawo. Ya binne shi cikin kwanon shinkafa kwana biyu, ba abin da ya sauya. Haka aka yi ta yi kusan mako uku. Zafin rana yana mayar da ruwan tururi ne kawai, tururin kuma ba shi da hanyar fita da sauri daga gidan da aka manne da gam, sai ya sake kwanta a kan ƙarfe da zarar an yi sanyi. A farkon Satumba farin alamun fuskar ya soma dusashewa a gefen ƙarfe huɗu, hannun minti ya yi ɗigon tsatsa, agogon ya tsaya cak.

Satumba 2023: binciken tsohon mai gyara

Liman na masallacin unguwarsu ne ya tura shi wurin wani dattijo a Zango, wanda ya koyi gyaran agogo a Kano tun zamanin da kowane agogo mai sifirin ne, yanzu kuma yana aiki a ɗaki a gidansa, ƙofa a rufe. Ya ɗauki yini guda yana narkar da gam ɗin kafin marfin ya kwance. Ya kira malamin ya miƙa masa madubin ido.

"Malam, duba nan da kanka, kada ka ce na faɗa maka ne."

Ga abin da aka gani. Man keken ɗinki ya malala ya hau siririn sifirin, naɗi biyu sun manne da juna. Sifirin da ya manne tamkar an gajarta shi ne, shi ya sa agogon ke gudu, kuma shi ya sa tura allurar saiti bai yi magani ba. Man ya kuma kama ƙurar hunturu ya zama baƙin caɓi a ramukan duwatsu. Fetur ɗin bai fitar da tsohon busasshen mai daga ƙarƙashin faranti ba, tausasa shi kawai ya yi na ɗan lokaci, abin da ya kawo sauƙin mako ukun nan. Faratan Magic Lever sun cinye, suna zamewa a kan haƙoran wilinsu, wannan ne dalilin tsayawar dare tun farkon lamarin. Tsatsa ta kama sandar maɓalli da ƙananan ƙarafan saiti da ke kewaye da ita.

Wurin da tsatsar ta fi yawa shi ya nuna ƙofar da ruwan ya bi. Ba ta marfin baya ya fi shiga ba, duk da rashin roba a can. Ta maɓalli ya shiga. Zoben robar da ke cikin maɓallin ya bushe ya tsattsage kamar tsohuwar robar guga da ta shekara a rana, dattijon ya taɓa shi da tsinin allura ya marmashe. Na gilashin ma ya ƙandare.

"Baba, to ai an rubuta mita 150 a fuskarsa."

"An rubuta, ɗana. Ran da ya fito daga masana'anta gaskiya ne. Robar nan ta girmi wasu malaman makarantarku."

Roba tana da ajali ko da ba a taɓa ta ba, zafi kuma yana gaggauta shi. A Zinder, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, adakar ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano wuri ne mai tsanani ga roba. Shekarun da agogon ya yi a ajiye ba hutu ba ne a wurinta.

Dattijon ya lissafa abin da ake buƙata: zoben roba na gilashi, na marfi, na maɓalli da na kewaye, sandar maɓalli, Magic Lever da wilinta, da ƙarafan saiti. Ya ce sassan inji ba su da wuya, domin injin 6309 ba a agogon nutso kaɗai aka sa shi ba, yana cikin ɗimbin agogunan Seiko 5 na wancan zamani, waɗanda suka cika hannun alhazai da ma'aikata. Mataccen guda ɗaya mai wannan lamba ya isa a ciri kaya. A Kano ake samunsu cikin sauƙi.

Sai dai a lokacin iyakar Nijar da Najeriya na rufe, sakamakon takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Dattijon bai jira kaya ba kafin ya tsayar da ɓarnar. Ya warware injin ɗaiɗai, ya wanke kowane sashe, ya kankare tsatsar da za ta kankaru, ya busar, ya zuba su cikin ƴan kwalabe masu murfi. Fuskar da hannaye ya naɗe su daban. Haka suka zauna wata bakwai.

Afrilu 2024: aikin

An buɗe iyakar a watan Maris na 2024. Wani ɗan'uwan malamin da ke zuwa Kano sarin kaya ya samo mataccen Seiko 5 mai injin 6309 a kasuwar Sabon Gari. Robobin kuma ta intanet aka yi odarsu da lambar samfurin, wani ɗalibi ya taho da su. Wannan ya fi ɗaukar lokaci, kuma dattijon ya ƙi karɓar wasu robobi da aka kawo masa tun farko masu kama da na ainihi, don kaurinsu ya ɗara da kaɗan. Ya ce roba mai kauri tana murɗewa idan aka ɗaure marfi, siririya kuma ba ta cika gurbinta.

Ya haɗa injin cikin kwana huɗu, da safe kawai yake aiki, bayan an yayyafa ruwa a tsakar ɗaki. Mai iri biyu ya yi amfani da shi, na agogo: mara kauri ga sassa masu saurin juyawa, mai kauri ga masu ɗaukar nauyi. A kowane dutse ɗigon da ya sa bai kai kan allura ba, siririn sifirin kuma bai ga mai ba sam. Ya mayar da allurar saiti tsakiya. Faifan ranakun Larabci na ainihi ya koma gurbinsa.

Wurin da ya fi daɗewa shi ne gidan. A ƙarƙashin inda robar marfi ke zama, gumin shekaru ya ci ƙarfen ya bar ƙananan ramuka biyu, ga kuma tabon ƙusar Janairu. Ya goge wurin a hankali har ya yi santsi, amma ya ce rami ɗaya ya yi zurfin da ba zai bi shi ba, don kada ya rage ƙarfen. Ya fitar da tsohuwar robar maɓalli gutsure-gutsure, ya zura sabuwa, ya shafa wa kowace roba giris ɗin silikon sama-sama. Da ya ɗaga kewayen ya sami ƙasa da gumi sun daskare a ƙarƙashinsa. Wanki da sabuwar roba suka isa ya koma juyawa da ƙarar ƙas-ƙas ɗinsa.

Malamin ya nemi a goge jikin agogon ya yi ƙyalli, a kuma sake fentin alamun fuskar. Dattijon ya ba shi shawarar barin duka biyun. Gugar inji tana cinye kusurwoyin gidan, kuma ba a mayar da ƙarfen da aka cire. Alamun kuwa, ko an bar su haka, ana karanta lokaci da rana. Malamin ya yarda. Gilashi kaɗai aka sauya, don tsohon ya kakkarce. Jimillar abin da aka kashe, kaya da aiki, jika 38.

Mayu 2024: gwaji

Dattijon ba shi da na'urar gwada matsin ruwa, ya kuma faɗi haka tun farko. Ga abin da ya yi a madadinta. Ya rufe gidan babu inji a ciki, sai ƴar farar takarda mai laushi. Ya kwanar da shi a gindin randa, washegari takardar na bushe. Ya ɗaure shi da igiya aka zura cikin wata rijiyar lambu mai ruwa kimanin mita 3, ya yi awa ɗaya, takardar ba ta jiƙe ba.

Sannan ya yi gwajin raɓa, wanda ke cikin ƙa'idar ISO 6425 ta agogunan nutso. Ana ɗumama agogo zuwa digiri 40 ko 45, a ɗiga ruwa mai sanyi a kan gilashin, a jira minti ɗaya, a share. Idan akwai danshi a ciki, zai kwanta a ƙarƙashin wurin ɗigon. A Zinder cikin watan Mayu ba a buƙatar murhu don wannan, ajiye shi a inuwar zaure da Azahar ya wadatar. Gilashin ya fita tas.

Bayan an mayar da injin, aka bi lokacinsa kwana 10 ana gwadawa da agogon waya. Yana ƙara sakan 12 zuwa 18 a yini. Da aka wuni da shi aka ajiye, ya yi awa 41 kafin ya tsaya.

Daminar 2024 zuwa hunturun 2025

Malamin ya ɗaura shi duk daminar, yana alwala da shi, ruwan sama ya taɓa dukansa a kan babur. Raɓa ba ta dawo ba. A Janairun 2025 ƙarin ya tsaya wajen sakan 20 a yini, yana saita shi ranar Juma'a kawai. Dattijon ya kafa masa sharuɗɗa: ya tabbatar maɓallin na murɗe kafin ya taɓa ruwa, kada ya sauya kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da Asuba lokacin da haƙoran kalanda ke cikin aiki, ya riƙa ɗauraye gumi daga bayan agogon, kuma kada ya shiga tafki da shi. Kewayen kuwa ya sami aiki a aji, da shi malamin ke ƙidaya mintocin jarrabawa.

Hukunci

Matsalar Nuwamban 2022 ƙarama ce: busasshen mai, sashe ɗaya da ya cinye, da robobin da suka mutu. Da a lokacin aka warware injin aka sauya robobi, da fuskar ba ta dusashe ba, da tsatsa ba ta ci ƙarafan saiti ba. Gyaran farko ya kasa ne saboda an wanke injin a haɗe, an sa man da ba nasa ba, an kuma sa shi da yawa, a cikin ƙura. Na biyu ya bi alama ya bar ciwo, gam ɗin kuma ya ƙara muni, don ya kulle danshin da ke shiga ta wata ƙofar. Ba na ganin masu gyaran biyu da ha'inci. Sun yi abin da suka saba yi wa agogon da ba a damu da rufinsa ba, kuma kuɗin da suka karɓa daidai yake da wannan aikin. Amma babu ɗayansu da ya duba maɓalli, alhali nan ne wurin da masu ƙirar suka fi jin tsoro tun 1953.

Abin da ya sa aikin dattijon ya ci shi ne ya bi sawun tsatsa har ƙofar da ruwan ya shigo, ya tsayar da ɓarna kafin kaya su iso, kuma ya gwada gidan babu inji kafin ya amince da shi. Ƙin yarda da injin batir ma ya yi amfani, tunda sassan 6309 na samuwa a kusa kuma da araha.

Sai dai agogon bai koma agogon nutso ba, kuma bai kamata a kira shi haka ba. Mita 3 na rijiya ba su kai ko kashi ɗaya cikin arba'in na abin da ke rubuce a fuskarsa ba, ramin da ke ƙarƙashin robar marfi kuma yana nan. Abin da aka tabbatar shi ne yana tare ruwan alwala, gumi, ruwan sama da ƙura, waɗanda su ne abokan gabarsa a garin da ke da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku. An yi da dattijon za a mayar masa da agogon kafin daminar 2026 ya duba robobin uku, ya sake gwajin raɓa, ya kuma ga ko ramin ya ƙara faɗi.